DANDALIN 'YAN MATA: Kyamarar Ƙanwata Da Maroƙan Cikin Waya

Kafin in ce komai sai na fara ba ku haƙuri game da kashi na biyu na littafina da kuke ta aiko da tambaya a kansa. Wallahi rubutu na gama shi tun kafin azumi, tsadar takarda ce ta tsare mu. Ku ƙara haƙuri, in Allah ya yarda yana nan tafe. Masu cewa in na raba jarumar da masoyinta ba za su ƙara sayen littafina ba, to na ji, amma bakina da goro, ba zan faɗa muku komai ba.

Cikin wasiƙun da suka zo mini a wannan wata akwai ta wata ƙanwata 'yar aji biyar a wata makarantar 'yan mata da ke Sakkwato. Ga abin da ta ce:

"Anti, don Allah ki ba ni shawara. Na kusa ɗaukar adashina, kuma ina so in sayi 'yar ƙaramar kyamara irin wadda ake yayi yanzu, ta sawa a jaka. Na kalli bidiyo sun fi 20 a YouTube da TikTok, kowa da wadda yake yabo, kuma kowa cewa yake tasa ce ta fi. Kaina ya ɗaure. Wa zan yarda da shi?"

Da na karanta wasiƙar nan sai na yi murmushi, daga baya kuma idona ya kawo ruwa, domin kuwa abin da kike shirin yi an riga an yi shi a cikin gidanmu a nan Kalmalo, kuma har yau ba mu gama jin zafinsa ba. Bari in ba ki labarin tukuna, shawara ta biyo baya.

YADDA ABIN YA FARU

Ƙanwata da ke bi na yarinya ce mai neman na kanta. Tana lalle, tana kitso, ranar Lahadi kuma ta soya awara a kai mata kasuwar Illela. Ita ce ta fara lura da wani abu da mu duka muke gani amma ba mu taɓa tunani a kai ba. A nan garinmu da ƙauyukan da ke kewaye da mu, in ana biki mai hoto namiji iyakarsa ƙofar gida. Ranar kamu, da mata suka ajiye mayafi suka baje kwalliya, babu maigidan da zai bar ƙato ya kutsa cikin iyalinsa da sunan hoto. Sai dai kowace ta ɗaga wayarta, in wayar ta faɗa ruwa ko aka sace ta shi ke nan, biki ya tafi. Ta ce mini, "Yaya, da a ce mace ce mai kyamara ai har ƙuryar ɗakin amarya za ta shiga, ta ɗauka, ta kai a wanke, kowace ta sayi nata." Na ce wallahi kin yi tunani.

Wata 9 tana zubin adashi, ba ta sayi ko ɗan kunne ba, ƙaramar salla ma da tsohon leshinta ta yi. Da kuɗin suka taru, naira dubu 70, sai ta shiga sayen data tana kwana kallon masu gwajin kyamara. Cikin su ta samu wani matashi mai zaƙin baki, ɗakinsa fitilu kala-kala, Turanci a bakinsa kamar ruwan famfo. Ya buɗe kwali yana zare ido, ya ɗaga wata 'yar kyamara mai ruwan hoda, ya ce megafiksel 48 ce da ita, tana janyo nesa kusa har sau 16, kuma wai ta kunyata waɗanda suka ninka ta kuɗi sau 10. A ƙarƙashin bidiyon ya sa wurin da za a latsa a saya, har da wata lamba da in ka rubuta za a yi maka ragi.

Na ce mata ta dakata mu tambayi masu sana'ar tukuna. Ta ce, "Haba Yaya, mutum dubu 300 ne fa ke bin sa, duk ƙarya zai yi musu?" Ba zan ɓoye muku ba, ni ma da na kalla sai na ji ta kwanta mini. Ta tura kuɗi, muka yi cinikin biri a sama.

Bayan kwana 8 aka sako ta a mota zuwa Sakkwato, daga can wani direba ya kawo ta tashar Illela. Kwali kam ya yi kyau. Sai dai mun juya shi gaba da baya ba mu ga sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, ita kanta kuma sakayau take a hannu kamar gwangwanin madarar da aka shanye. Ƙanwata ta fita tsakar gida da rana tsaka ta ɗauki akuya, ta ɗauki ƙanenmu, muka leƙa ɗan gilashin bayanta muka ga komai fes. Saura kwana 3 bikin 'yar kawunmu, wadda za a kai Birnin Ƙonni, ta aika aka gaya wa uwar amarya kada a damu da neman mai hoto.

Ranar kamu bayan magariba aka ta da janareto, ƙwan fitila biyu a tsakar gida. Ƙanwata ta rataya kyamara a wuya tana ta ba da umarni, ke matsa, ke ɗago kai, ke daina dariya. Kakarmu, wadda tun da nake ban taɓa ganin ta yarda an ɗauke ta hoto ba, ran nan ta yarda, saboda ita ta goyi amaryar tun daga yaye. Ta yafa farin mayafinta, ta zauna bakin gado, ta ɗora hannu a kafaɗar amarya, ta ce, "To ɗauki maza, ni ba ni son wagga walƙiya." Aka ɗauka har sau uku. Kafin a kira isha batir ya mutu.

Washegari muka kai katin shagon wankin hoto a Illela, aka sa a kwamfuta. Jama'a! Fuskoki sun yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya, ba ka ganin komai sai haƙora da fararen idanu. Leshin amarya ya dame kamar an zubar da kunu. Duk wadda ta ɗan motsa sai ka gan ta da kai biyu. Hoton kaka kuwa farin mayafi ne kawai a zaune, babu fuska a ciki. Da aka nuna mata sai ta ce, "Ke ɗiyag ga, ni kinka ɗauka ko aljana?" Kowa ya fashe da dariya, ƙanwata ta shige ɗaki ta rufe ƙofa, ranar ko tuwo ba ta ci ba.

Aka kai amarya Ƙonni. Da damina ta faɗi Allah ya yi wa kaka rasuwa, Allah ya jiƙanta ya sa ta huta. Hoton da ya rage mana nata a duniya guda ɗaya ne tak, wanda wata ƙawar amarya ta ɗauka daga gefe da tsohuwar wayarta Tecno ba tare da kowa ya sani ba. Kuɗi ana mayar da su, 'yar uwa, amma wannan zaman na bakin gado ba zai dawo ba.

Bayan an share makoki na ɗauki kyamarar na kai wa wani dattijo mai hoto a Illela, wanda ke sana'ar tun zamanin fim. Ya karɓa ya jinjina ta a tafin hannu, ya kunna, ya latsa wurin janyowa yana kallon idonta. Sai ya yi dariya ya ce, "Ɗiyata, nawa kunka saye ta?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai. "Wagga ba kyamara ba ta, abin wasan yara na. Dibi idonta, ko motsi ba ya yi. Wanda yac ce ku saye ta, ya gwada muku hoton da yaɗ ɗauka da ita cikin dare?" Na yi shiru. Da na koma gida muka sake kallon bidiyon daga farko har ƙarshe. Minti 11 yana magana, ya nuna kwali, ya nuna igiya, ya nuna jaka, amma hoto ko ɗaya da aka ɗauka da ita a cikin ɗaki bai nuna ba. Mu ne dai zaƙin baki ya rufe wa ido.

SU WANE NE MASU YABON NAN?

Kun san halina da naci. Tun daga ranar na shiga tambaya da karance-karance har sai da na gane yadda sana'ar take, domin sana'a ce, ba taimakon Allah da Annabi ba.

Duk kun san maroƙi a gidan biki. In ya ɗaga murya ya ce ango ɗan dangi ne, mai kyauta kamar ruwan sama, ba lalle ƙarya yake yi ba, amma babu yarinya mai hankali da za ta auri mutum saboda kirarin maroƙi. Kowa ya san wanda ya yi masa liƙi. To da yawa daga masu yabon kaya a intanet maroƙa ne, bambancin kawai shi ne nasu liƙin a ɓoye ake yin sa.

Ta hanya uku suke ci. Ta farko, kamfani ko ɗan kasuwa ya aiko musu da kyamarar kyauta ko aro, wani lokaci har da kuɗi a kai. Wanda ya kushe kayan da aka aiko masa yau, gobe ba za a aiko masa ba, kuma kun san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ta biyu, wurin latsawar nan da suke sawa a ƙasan bidiyo da lambar ragi: duk wadda ta saya ta nan, ana yanka musu la'ada, kamar dai dillaliya. Ke kina murna an yi miki ragi, shi yana lissafin kansa. Ta uku, yawan masu kallo shi ne kuɗinsu, kuma bidiyon da aka rubuta wa "kyamarar da ta girgiza duniya" ya fi jan mutane a kan wanda aka ce "kyamara ce dai daidai kuɗinta".

Haka nan taurarin da kuke gani a shagunan intanet, da masu rubuta "na saya na ji daɗi", su ma ana sayen su kamar yadda ake hayar 'yan rakiya. Abin ya yi yawan da a shekarar 2024 hukumar kula da ciniki ta Amurka ta kafa doka ta haramta saye da sayar da irin wannan yabo na ƙarya, ta sa tara a kai. In a can da suke da doka da lauyoyi sai da aka yi haka, ina ga mu da ke tura kuɗi ga wanda ko sunansa na gaskiya ba mu sani ba?

Amma kada ku ce na yi musu kuɗin goro. Akwai na ƙwarai, masu gwaji na gaskiya. Akwai wani shafi mai suna DPReview da aka kafa a Ingila tun 1998, su kowace kyamara sai sun ɗauki hoton abu iri ɗaya da ita, a haske da duhu, su ajiye hotunan kowa ya buɗe ya gwama da idonsa. Duk da haka, daga 2007 har zuwa 2023 shafin mallakar Amazon ne, wato babban kantin da ke sayar da kyamarorin. Ban ce sun yi ƙarya ba, hasali ma aikinsu ya sa ake girmama su. Abin da nake so ku gane shi ne, ko na kirkin ma yana da mai ba shi abinci, don haka abin da ya nuna miki shi za ki riƙe, abin da ya faɗa da baki kuwa ki sa shi a mizani.

ABIN DA KO MAI GASKIYAR BAI SANI BA

A nan ne dattijon nan na Illela ya fi buɗe mini ido. Ya ce mutumin da ke Landan ko Legas, ko da waliyyi ne, kwana 7 ko 10 zai yi da kyamara ya mayar, kuma a garinsu zai gwada ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na farko ƙura. Ƙananan kyamarorin nan idonsu fitowa yake in an kunna, ya koma in an kashe. Duk fitowa da komawa yana zuƙar iska, in hunturu ya kama kuwa kun san iskar da muke shaƙa daga nan har Ƙonni. Ƙurar ta shiga ta maƙale a ciki, sai ki ga ɗigo-ɗigo a kowane hoto, ko kuma wata rana idon ya fito ya ƙi komawa. Mai bidiyo bai taɓa hawa babur daga Kalmalo zuwa Illela a watan Janairu ba, yaya za a yi ya gaya miki?

Na biyu zafi. In kin buɗe 'yar takardar da ke zuwa cikin kwali, akasarinsu an rubuta a yi aiki da su tsakanin awo 0 zuwa 40 na ma'aunin zafi. Mu kuwa a ƙasar Sakkwato watan Afrilu da Mayu wuce 40 ba labari ba ne. Batir yana saurin gajiya, wasu in ana ɗaukar bidiyo su kashe kansu.

Na uku wuta. Shi yana da lantarki dare da rana, in ya ce batir yana da ƙarko bai san me ake nufi da kai caji shago a jira layi ba. Ki tambaya ko ana samun batirinta na biyu a kasuwar Sakkwato ko Kano, ko kuwa tana cin ƙananan batura irin na tocila, waɗanda kowane mai tireda yake da su.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai, shi ne fatarmu. Yawancin masu gwajin nan fuskar farare suke ɗauka. Matsalar kuma tsohuwa ce, domin tun zamanin fim kamfanin Kodak na Amurka yana raba wa masu wankin hoto wani kati mai hoton baturiya, ana ce masa katin Shirley, da shi ake daidaita launi. Sai a 2021 kamfanin Google ya fito da wayarsa Pixel 6 yana talla cewa ya gyara ta don ta fitar da baƙar fata yadda Allah ya yi ta, masu Tecno kuwa sun daɗe da gane haka, yana cikin abin da ya sa suka ci kasuwar Afirka. Ki sa baƙar mace cikin farin mayafi a ɗaki mai ƙwan fitila ɗaya, wannan ita ce jarrabawar kyamara a ƙasarmu, kuma ba a yin ta a bidiyonsu. A nan tamu ta faɗi.

LAMBOBIN DA AKE RUƊIN MU DA SU

Megafiksel ɗin nan da ake ta yi mana kirari da shi, ƙidayar ɗigon da suka haɗu suka yi hoto ce kawai. Hoton da muke sawa a albam, mai inci 4 da 6, megafiksel 2 da 'yan kai ya ishe shi. Babba na bango mai inci 8 da 10 bai wuce 7 zuwa 8 ba. Saboda haka kyamara mai 12 ko 16 ta gaskiya ta ishe ki har ki aurar da 'ya'yanki. Irin tamu mai "48" kuwa, ɗan ƙaramin hoto take ɗauka ta hura shi kamar balan-balan, kamar a tsinka kunun mutum ɗaya da ruwa a ce na mutum 10 ne.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne wani ɗan faranti da ke cikin cikinta mai karɓar haske, masu sana'ar suna ce masa sensa. Na yawancin ƙanana bai kai farcen ƙaramin yatsa ba. Akwai wanda ake ce wa mai inci ɗaya, irin na Sony RX100 da ta fara fitowa a 2012, ya ninka wancan faɗi wajen sau 4. Kamar ki shanya faifai da tabarma ne a ruwan sama, kin san wanda zai fi tara ruwa. Mai babban faranti ita ke iya ɗaki da dare, sai dai kuɗinta ba na adashin awara ba ne.

Janyo nesa kuma iri biyu ne. Akwai na gaskiya, wanda za ki ga idon kyamarar yana fitowa yana tsawo. Akwai na bogi, wanda ido ba ya motsi, tsakiyar hoton kawai ake yankowa a buɗa shi har ya dame. Abin da dattijon nan ya duba ke nan cikin daƙiƙa biyar, mu muka kasa gani a kwana uku.

YAYI

Ku sani kuma kasuwar ƙananan kyamarori ta taɓa mutuwa murus, waya ce ta kashe ta. A lissafin ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, a 2010 an fitar da kyamarori sama da miliyan 120, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba. Sai 'yan matan TikTok suka ta da yayinta. Wata Fujifilm X100V da ta fito a 2020 ta zauna lafiya a kanti, da aka fara yayata ta a 2022 sai ta ɓace, har ta hannu ta fi sabuwa tsada. Ƙanwarta da ta fito a 2024 kusan dala 1,600 aka sa mata. Haka aka yi da Canon G7 X ta uku, wadda ta fito tun 2019. Kyamarorin na da kyau, babu musu, amma ba su canja ba, surutu ne ya ƙara musu kuɗi. Ganin 'yan mata na nema ido rufe, shi ya sa marasa suna irin tamu suka cika kasuwa, a yi musu fenti mai kyau a ba maroƙa su yi ta kirari. Duk mun ga yadda atamfa ke yi in an ce ita ake yayi, bana a yi rububi, baɗi a yi tsumma da ita.

TO WA ZA KI YARDA DA SHI?

Ƙanwata ta Sakkwato, amsata ita ce ki yi wa kyamara irin binciken da iyaye ke yi wa manemi. In saurayi ya fito, ana sauraron abokinsa, ana ba shi ruwa, amma ba a ɗaura aure da maganarsa. Unguwarsu ake zuwa, a tambayi maƙwabta, a tambayi wanda ya taɓa bin sa bashi, in ya taɓa aure a ji me ya fitar da ta farko.

Ki kalli bidiyon, ban hana ki ba, za ki koyi sunaye da yadda ake sarrafawa. Amma ki duba abu huɗu. Ya faɗi a fili wanda ya ba shi kyamarar? Ya nuna hotunan da ita kanta ta ɗauka, har da na duhu da na mutum mai motsi? Ya faɗi aibinta ko da guda biyu? Ya taɓa cewa kada a sayi wani abu, ko kuwa duk abin da ya shigo hannunsa shi ne ya fi na duniya? Wanda bai taɓa kushewa ba, yabonsa ba shi da daraja. Ki fi neman waɗanda suka shekara da ita a hannu a kan masu buɗe kwali, kuma a cikin ra'ayoyin masu saye ki fara karanta na masu ƙorafi, in kin ga mutum 5 sun koka da abu guda to gaskiya ne.

Daga nan ki ajiye waya ki taka da ƙafarki. Ki je wurin mai hoton unguwarku, ki je wurin mai gyara, ki tambaye shi wace iri ce aka fi kawo masa a lalace, wace ce kuma ake samun kayanta. Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da yayanki ko wani babba. Kada ki sayi wadda babu sunan maƙerinta. In ta hannu ce, ki tabbata katin da take ci shi ne SD da ake samu ko'ina, domin wasu tsofaffin Sony da Olympus da Fujifilm suna da nasu katin na daban wanda samunsa yanzu aiki ne. Ki kunna ki kashe sau da yawa ki ji ko idon yana kakarewa. Ki ɗauki farin bango ki duba ɗigon ƙura. Ki shiga cikin shago inda babu rana ki ɗauki fuskar wanda ya raka ki, a sa a kwamfuta, ko ma ki biya a wanke miki guda ɗaya. Gilashin bayan kyamara maƙaryaci ne, komai kyau yake yi a cikinsa. Sannan ki ɗauki hoto iri ɗaya da wayar gidanku ki gwama, in wayar ta fi, ki mayar da kuɗinki jaka ki yi gaba. Kuma ko kin saya, ba a fafe gora ranar tafiya, ki yi sati biyu kina koyo kafin ki karɓi aikin bikin kowa.

Ƙanwata dai ba ta karaya ba. Ta sake shiga adashi, bayan wata 7 kawu ya raka ta Sakkwato, suka wuni suna gwaji, ta dawo da wata tsohuwa ta hannu mai megafiksel 12, duk jikinta ƙarzuwa, ko a kan hanya kika gan ta ba za ki duƙa ba. Dattijon Illela ya koya mata ta riƙa matsar da mutane kusa da fitila, ta kuma ɗinka mata 'yar jaka mai zif saboda ƙura. Yanzu biki uku ta yi da ita, har daga ƙauyukan gefen tafki ana aikowa a ɗauke ta. Sharaɗi ɗaya Inna ta kafa mata, ni ma kuma ina kafa muku: hoton matan mutane amana ne, wanda aka ɗauka a cikin gida ba ya hawa Facebook ko WhatsApp sai da izinin mai shi, kuma ba a ba saurayi kati ya "duba". Mai ruwan hodar kuwa tana nan a kan kwabar Inna, ƙanenmu na wasan 'yan jarida da ita.

A nan zan dakata. Ina gaida ɗaliban makarantun 'yan mata na Illela da Gwadabawa da Sakkwato da suka rubuto, da masu karatunmu na Ƙonni da Tawa. Masu jarrabawa Allah ya ba da sa'a, amare Allah ya ba da zaman lafiya. A fitowa ta gaba, in muna da rai, za mu taɓo maganar anko da bashin da yake jefa iyayenmu mata a ciki, duk mai abin cewa ta aiko da wuri. Ku sa kakarmu a addu'a.

Taku har kullum,
Antinku ta Kalmalo.